Bayan Takarda, Sai Me? Hanyar Neman Haƙƙi Idan Aure Ya Mutu

[Taken shiri]

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen cikin badalar Kano, Zaitawa da Yakasai da Sheshe da Kankarofi da Zango, da duk inda muryar nan ta iske ku. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, a ɗan ƙara muryar rediyo. 'Yan'uwana maza da ke rumfa ko majalisa, kada a sauya tasha, domin rabin maganar yau taku ce.

Maganar ita ce mutuwar aure, da abin da ke biyo bayanta. Kowa ya san yadda abin yake faruwa a lungunanmu. Rai ya ɓaci, maigida ya yagi takarda ya rubuta, ko ya ce “jeki gidanku.” Baiwar Allah ta ja mayafi ta fita, wani lokaci da tsakar dare, da goyo a baya. Ta isa gida a ce mata ta yi haƙuri, a ƙara da cewa “mu a gidan nan ba a san mu da zuwa kotu ba.” Wata uku, wata shida, babu wanda zai iya faɗin igiya nawa ta rage. Babu kuɗin abincin yara, kayan ɗakinta na kulle, manyan 'ya'yan an kai su wurin kishiya ko kaka. Ta kowane ɓangare an yi shiru, ana kiran shirun rufin asiri.

Saƙon shirin yau guda ɗaya ne. Saki yana yanke aure, amma akwai haƙƙoƙin da ba ya yankewa, kuma neman su a gaban alƙali ba tonon asiri ba ne. Wanda ya tafi da wuri, da shaida, da takarda, shi ya fi samun nasa.

Mu fara da kunyar nan ta zuwa kotu. Mutanen Zaitawa sun fi kowa cancantar su ajiye ta. Ana danganta sunan unguwar da Shehu Abdurrahman Zaite, jagoran malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali. Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kuma ambaci Zaite a matsayin alƙalinsu. Ashe kai ƙara gaban alƙali ya girmi kakannin kakanninmu a birnin nan. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano don horar da alƙalai, ita ce daga baya ta zama makarantar nazarin Larabci ta SAS. A shekarar 2000 jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, a sashe na 277, ya lissafa abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa: aure da rabuwarsa, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Kotunan nan da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, da Risala da Muhtasar da Tuhfa, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Wadda ta je kotun shari'a ba ta fita daga tarbiyyar gidansu ba, malami ta je ta tambaya, sai dai wannan malamin yana da ikon sa a aiwatar da abin da ya faɗa.

To, waɗanne haƙƙoƙi ne ake magana a kansu?

Na farko shi ne zaman idda. Idan saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya yin kome a cikinsa, mace a ɗakinta za ta yi idda, kuma cinta da shanta da suturarta suna kan mijin har ta gama. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ce ta hana a fitar da ita. Malam, “jeki gidanku” ba koyarwar addini ba ce, al'ada ce da ta yi mana illa, domin sau da yawa zaman iddar nan a gida ɗaya shi ke huce zuciya a mayar da aure. Idda tsarki uku ce ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ta daina, mai ciki kuma sai ta haihu. Idan igiya ta ƙare gaba ɗaya, a mazhabar Malikiyya tana da haƙƙin wurin zama har ƙarshen idda, in kuma tana da ciki, har da ciyarwa.

Na biyu, dukiyarta. Sadaki nata ne dungurungum idan an tare, rabi kuma idan an rabu kafin tarewa. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, da jarinta, da bashin da ta ba miji ya ƙara a kasuwa, duk nata ne. Saki ba ya cinye bashi.

Na uku, wanda ya fi kowanne jawo hawaye, shi ne riƙon 'ya'ya. Abin da aka saba ji shi ne “ajiye mini 'ya'yana,” da zarar an yaye yaro a zo a ɗauke. Fiƙihun da kotunanmu ke aiki da shi ba haka ya ce ba. Uwa ce ta fi cancantar riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta sake aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma wurin mahaifiyarta, sannan 'yan'uwanta mata, kafin a zo ɓangaren uba. Alƙali kuma yana duba amana da lafiya da tsaron wurin da yaro zai zauna. Duk inda yaron yake, ci da sha da sutura da magani da karatu a wuyan uba suke, gwargwadon ƙarfinsa. Uban ma yana da nasa: shi ne waliyyi, yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da sa ido kan tarbiyyarsu da karatunsu. Uwar da ta hana uba ganin ɗansa don ramuwa ta yi zalunci, kuma shi ma ƙofar kotu a buɗe take gare shi.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna tare. Yanzu sai baiwar Allah da ke cikin aure, zaman ya gagara, miji kuma ya ce ba zai saka ba. Hanya biyu ce a gabanta, kuma rashin bambance su ya sa mata da yawa sun biya kuɗin da bai kamata su biya ba.

Hanya ta farko khul'i, wato mace ta fanshi kanta. Wannan na wadda mijinta bai cuce ta ba ne, ita ce dai zuciyarta ta kasa zama da shi, tana tsoron kada ta saɓa wa Allah a kansa. Asalinsa matar Sabitu bin Ƙaisu ce, wadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarta ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki, aka raba su. Khul'i saki ne da babu kome a cikinsa, sai da sabon ɗaurin aure.

Hanya ta biyu ita ce alƙali ya raba auren saboda laifin mijin, ba tare da ta biya ko kwabo ba. Dalilan sanannu ne: duka da zagi da sauran cutarwa, rashin ciyarwa, ƙaurace wa shimfiɗa, tafiyar da aka bar mace babu abinci babu labari, da wasu cututtuka da ke hana zaman aure. Idan rashin ciyarwa ne, alƙali yakan ba miji wa'adi ya nemo, in ya kasa a raba. Malaman Malikiyya sun ma ce idan miji ya ƙuntata wa mace da gangan har ta gaji ta fanshi kanta, daga baya ta tabbatar da cutarwar, sakin ya tabbata kuma a mayar mata da kuɗinta. Don haka 'yar'uwa, kafin ki ce “na yarda zan biya shi sadakinsa,” ki tsaya ki yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Za ki ce, wa zai shaide ni, alhali a ɗaka ake dukana? A nan ma mazhabarmu ta yi sauƙi. A batun cutarwa ana karɓar shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da mutanen kirki na unguwa cewa wane yana cutar da iyalinsa. A cikin birni, inda katanga ɗaya ta raba gida da gida, wannan ba ƙaramar dama ba ce. Ku kuma maƙwabta, idan aka kira ku shaida, ku tuna ɓoye shaida zunubi ne. In an ji miki rauni, ki fara da asibiti, ga Asibitin Murtala nan kusa, a duba ki a rubuta. Lafiyarki ce gaba da komai, takardar likita kuma hujja ce. Duka mai rauni laifi ne da 'yan sanda ke da hurumi a kansa, ko da aure ko babu.

Me ya sa muke ta nanata a tafi da wuri? Ga misali. Miji ya yi tafiya, shekara biyu babu aike. Ya dawo ya ce yana aikowa, ita ta ce ko sisi ba ta gani ba. A fiƙihun Malikiyya, daga ranar da ta kai kuka gaban alƙali ake karɓar maganarta tare da rantsuwa. Kwanakin da suka gabaci wannan rana, maganarsa ce ake ɗauka. Haka wanda ya ɓace ba a san inda yake ba, shekara huɗun da ake jira ba daga ranar tafiyarsa ake ƙirga su ba, sai bayan an kai maganar gaban hukuma an bincika. Duk watan da kika ƙara kina shiru, haƙƙinki ne ke raguwa.

Sai batun shaida da takarda. Idan mace ta ce an sake ta, miji ya musa, kotu za ta nemi maza biyu adilai. Wannan ya sa sakin da aka furta a ɗaka, daga shi sai ita, yake jefa mata cikin halin da ba su da aure kuma ba su da damar yin wani. Malam, in har ka yanke shawara, ka rubuta a fili: sunanta, saki nawa, ranar wata, sa hannunka, da shaidu biyu. In ka yi kome, shi ma ka kafa shaidu, ka sanar da ita da waliyyinta. In ta waya aka turo saƙon, ko a rubuce ko da murya, kada a goge, a nuna wa waliyyi a ranar. Ka kuma kiyayi haɗa uku a baki ɗaya. Mazhabar Malikiyya uku take ƙirga su, kuma daga nan ne ake faɗawa yawon neman fatawa da auren kisan wuta, wanda haramun ne.

[Gajeren kiɗa]

To ina za a dosa? Matakan a jere suke.

Matakin farko gida ne. Alƙur'ani, a aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i, ya yi umarni a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. A zaɓi masu hankali da riƙon sirri, ba masu zuga ba. In abin ya fi ƙarfinsu, ga limamin unguwa, ga mai unguwa. Duk abin da aka daidaita a kai, ko nawa za a riƙa bayarwa na yara a wata, ko ranar kwashe kaya, a rubuta, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Mataki na biyu Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, hedikwatarta na Sharaɗa, tana kuma da ofisoshi a ƙananan hukumomi, da ɓangaren mata. Hisba tana kiran miji da mata ta yi sulhu, kuma aure da yawa ya tsira ta wannan hanya. Amma a riƙe wannan: Hisba ba kotu ba ce. Raba aure da tilasta biyan haƙƙi aikin alƙali ne. Akwai kuma cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jiha, wadda ake kira Multi-Door, da aka buɗe a 2009, ga masu son a sasanta su ba tare da doguwar shari'a ba.

Mataki na uku kotun shari'a. Mutanen cikin gari sun san ta Ƙofar Kudu da ta Shahuci. Ba sai da lauya ake shigar da ƙara ba, kuma da Hausa ake yin zaman. Za ki je wurin magatakarda ki faɗi da'awarki, ki biya kuɗin shigar da ƙara, ki karɓi rasit, a aika wa wanda kike ƙara sammaci. Ki tafi da takardar saki in akwai, da shaidar aure, da sunayen waɗanda suka halarci ɗaurin auren suka ji sadaki, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na asibiti, da jerin kayan ɗakinki. Ki tsara buƙatunki tun daga gida, ɗaya bayan ɗaya: tabbatar da saki, kuɗin idda, riƙon yara, ciyar da su, kayan ɗaki. Alƙali a kan abin da aka roƙa yake hukunci. Abin da ba ki ambata ba, da wuya ya shiga. Kada ki miƙa wa kowa kuɗi a harabar kotu don ya “gyara miki magana.” Kuɗin da babu rasit ba na kotu ba ne. In an yanke hukunci, ki nemi kwafinsa. In wanda aka yanke wa ya ƙi biya, ki koma kotun ki nemi a zartar.

Kai kuma da aka kawo wa sammaci, ka je. Ƙin zuwa ba ya kashe ƙara, sai dai ya sa a yi hukunci ba a ji ta bakinka ba. In ƙarfinka bai kai abin da ake nema ba, ka faɗi gaskiyar samunka, shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara: daga Kotun Shari'a zuwa Babbar Kotun Shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, har Kotun Ƙoli. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, galibi kwana 30, don haka a tambayi magatakarda tun ranar hukunci.

Wadda ba ta da kuɗin lauya fa, ko take jin tsoron tsayawa ita kaɗai? Akwai masu taimako kyauta. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, da aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, tana da ofishi a Kano. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, reshen Kano. Akwai ƙungiyar WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta assasa a 1999, ta kuma yi aiki mai yawa kan haƙƙin mata a dokar iyali ta Musulunci a jihohin Arewa maso Yamma. Akwai gidauniyar Isa Wali a nan Kano, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da ɗakin ba da shawarar shari'a na Tsangayar Lauyoyi a Jami'ar Bayero. Ki je da takardunki, ki faɗi gaskiya duka, har da inda kike da laifi, domin lauyan da aka ɓoye wa rabin labari a gaban alƙali yake jin sauran.

Ga maƙwabtanmu da suka yi auren rajista, Kirista ne ko waninsu, hanyarsu daban ce. Wannan aure Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar 1970, kuma a nan ya fi kyau a nemi lauya.

Jama'a, matsalar nan ta daɗe tana damun Kano. A Janairun 2009, ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangami don a ji kukan matan da aka saka aka watsar, aka dakatar da shi. A 2012 gwamnati ta fara auren zawarawa ta hannun Hisba. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito da batun rubuta dokar iyali ta Musulunci a kundi guda, malamai da masana shari'a suka zauna a kai, aka yi ta muhawara. Ƙasar Maroko, wadda mazhabarmu ɗaya da ita, tun 2004 ta sa doka cewa mai son yin saki sai ya nemi izinin kotu, a gwada sulhu, in ya gagara ya ajiye haƙƙin matar da na 'ya'ya cikin kwana 30 kafin a rubuta sakin. Ko mun bi wannan hanya ko mun fito da tamu, aurar da zawarawa kaɗai ba zai wadatar ba muddin mai saki yana ganin zai yi ya tafi babu abin da zai biyo shi.

Kafin doka ta sauya, akwai abin da ke hannunmu. Iyaye da waliyyai, idan 'yarku ta dawo, tambayar farko ita ce: me ya furta, sau nawa, a gaban wa? Ku aika a ranar a ji ta bakinsa, a gaban mutum biyu. Ku raka ta inda za ta nemi haƙƙinta, kada ku bar ta ta tafi ita kaɗai. Limamai da masu unguwanni, ku riƙa rubuta sulhun da kuka yi. 'Yan'uwana maza, wanda ya sallami mace da mutunci, ya biya abin da ke kansa tun ba a kai shi ƙara ba, ya sauke nauyi a duniya da lahira, kuma 'ya'yansa za su tashi suna ganin girmansa. Abin da muka faɗa a yau shimfiɗa ce kawai, kowace matsala da irin nata hukuncin, don haka a kai wa malami masani ko lauya tun abin bai yi nisa ba.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, waɗanda suka rabu kuma Allah ya musanya wa kowa da mafi alheri, ya raya zuriyar da ke tsakani.  

[Taken rufewa]